Damagaram da Fis ɗin Yaya Haladu

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a dakalin masallaci, "Malam Garba, yaya Damagaram?" In na shiga kasuwar Makoda, "Malam Garba, wai da gaske burodinsu kamar sanda yake?" Har wanzamina ya tsaya da aska a maƙogwarona yana jiran amsa. To ku matso, yau zan ba ku gaba ɗaya, gobe kuma ku bar ni in huta.

Sai dai labarin daga zauren gidanmu ya fara, ba daga tasha ba.

Wanda bai san gidanmu ba, shi ne na ƙarshe a gari ta gabas, daga mu sai gonaki. Da aka kawo wutar lantarki, turken ƙarshe a ƙofarmu aka kafa shi. Kafin wuta ta ratsa duk gari ta iso mu, ta gaji. Ƙwan fitilarmu ja yake kamar garwashi, fanka kuwa tana juyawa kamar an tashe ta daga barci. Wayar fis ta ɓace a kasuwa, yadda sabulu da madara da suga suka ɓace, kun dai san halin da ake ciki. Sai wana, Yaya Haladu, wanda shi ne maigida tun rasuwar Baba, ya samo tagulla daga wani mataccen injin ban ruwa, kaurinta ya kai tsinken tsire, ya ninka ta ya naɗa a akwatin fis. Tun ranar bai sake ƙonewa ba. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi zaure ya ga fis ɗin Yaya.

Daga zauren nan Yaya ya ja wata siririyar waya ta ratsa tsakar gida zuwa ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta kan rumbuna, ta nan aka bi da ita. Rumbunan nan kuwa bana ne suka fara cika tun da aka yi farin nan. Geron da ke ciki shi za mu ci har wata kakar, mu da 'ya'ya da jikoki. In ya tafi, babu na saye, kuma babu wanda za a roƙa, don kowa ta kansa yake.

Ana gobe zan tafi Damagaram, da la'asar, iska ta ɗan taso, sai muka ji warin roba. Matar Yaya ce ta fara gani: wayar tana hayaƙi, roba na ɗiga a kan jinkar rumbu. Ta ɗauki gora ta doke ta, wayoyin suka rabu. Yaya ya zo ya hau, ya yanko robar tayar keke ya naɗe wurin, ya sauko yana kakkaɓe hannu.

Na ce, "Yaya, anya wayar nan a kan hatsi?"

Ya ce, "Garba, yawon duniya ya sa maka tsoro. Wutar da ba ta iya juya fanka ita ce za ta ci rumbu? Je ka duba fis ɗina, ko gezau bai yi ba. Da akwai matsala ai da ya ƙone."

Ni ma haka na ɗauka, kowa ma a garin nan haka ya ɗauka. Amma warin nan ya ƙi barin hancina. Can gab da magariba aka ɗauke wuta, aka ce turke ne ya faɗi a hanyar Ɗambatta, kuma ba ranar gyara. Tun da nake ban taɓa yi wa Allah godiya don an ɗauke wuta ba sai ranar.

Abin da zai kai ni Damagaram suna ne. Ƙanwar Baba, Gwaggo Delu, can ta yi aure tun ba a haife ni ba. Ɗanta Isuhu aka yi wa haihuwa, Inna ta ce ni zan wakilci gida, tunda ni ne ƙafata ba ta zama. Isuhu taubashina ne, ga shi Badamagare ni Bakano, kun ga wasa biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Kuma malami ne a makarantar koyon sana'a, aikin lantarki yake koyarwa. Na ce a raina, in na je zan tambaye shi.

Babur ya kai ni Ɗambatta. Daga nan na samu akori-kura mai zuwa Daura ta Kazaure. Direban, Sannu-Sannu ake kiransa, kuma sunan ya bi shi. Saboda wahalar mai, duk inda ya ga gangara sai ya kashe mota mu sulala, in mun iso hawa ya ce, "Maza, bismillah, a taimaka wa addini." Mu sauka mu tura. Na ce masa, "Direba, in mun isa Daura nawa za ka biya mu?" Ya ce, "Malam, ai motsa jini na ba ku kyauta."

Kusa da ni wata mata ce, Hajiya Tabawa, siririya kamar karan dawa, ba ta da kaya sai 'yar jaka. Ta ce ziyarar dangi za ta. Ku riƙe sunanta, za ta dawo.

A Kwangwalam, wato bakin iyaka ta ɓangarenmu, abu biyu ake nema, hatsi da fetur. Ni kuwa Inna ta ƙullo min daddawa da kuka da ɗan gero na kunun mai jego. Wani ma'aikacin kwastan ya ɗaga ƙullin geron ya ce, "Baba, hatsi ba ya fita."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba hatsi ba ne, kunu ne da bai gama zama ba."

Ya kwance ɗaya ƙullin, daddawar Inna ta buge shi, ya ja da baya ya ce, "Ɗauki kayanka, Allah ya raya."

Da muka tsallaka sai jandarma, wato 'yan sandansu na kan hanya. Tsaf-tsaf, hula a karkace, Hausa a bakinsu kamar tamu, sai dai jefi-jefi su jefo Faransanci. Wani ya zazzage jakata, sai ga hitata ta faɗo, irin wadda ake tsomawa a bokiti. Ita ce abokiyar tafiyata, ta je Ikko, ta je Yarwa, ta je Lakwaja. Ya ɗaga ta sama.

"Wannan fa?"

"Ta dafa ruwa ce."

"A nan za ka sa ta?"

"In Allah ya yarda."

Sai ya kira ɗan'uwansa, suka dubi hita, suka dube ni, suka fashe da dariya. Ya mayar min ya ce, "Sauka lafiya, Kano." Ban gane abin dariyar ba sai daga baya.

A Matamai motar da muka canza ta mutu, muka kwana a zauren sarkin tasha, mu da buhunan albasa. Da safe aka kawo shayi. Jama'a, ɗan kofin bai fi a ɗiga wa jariri magani ba. Na kurɓe na miƙe, sai mai shayin ya ce in zauna, ai sau uku ake sha, na fari ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi, wanda ya tashi a na fari ya raina mai gida. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Wani abin kuma, da rana ta take sai kowa ya rufe shago ya je ya kwanta, har ofis, sai la'asar. Na ce a Kano ka rufe shago da rana, kafin ka farka maƙwabcinka ya gaje masu sayenka.

Damagaram gari ne na duwatsu, manya-manya a tsakiyar unguwa kamar an ajiye an manta. Ruwa kuwa ya fi man shanu daraja. In aka ba ka buta, da ido ake raka ka.

Ina sauka a ƙofar gida Isuhu ya fito da hannu a buɗe. "Jama'a, bawana ya iso! Ina goron ubangidanka?"

Na ce, "Yaro, durƙusa ka gaida Kano tukuna."

Gwaggo Delu na zaune a kan tabarma, ta tsufa, haƙora sun tafi amma bakin yana nan da kaifinsa. Ta shafa fuskata ta ce, "Garba ne? Har yanzu kana yawo? Ina Haladu mai taurin kai?" Aka kawo burabusko da miyar yakuwa, da dambu da zogale, yaji kamar an yi faɗa da mai dakan. Na ci ina hawaye ina cewa ba komai.

Ranar suna da sassafe aka kawo min ruwan wanka rabin bokiti, sanyi ƙarara. Na ce wa hitata yau ga ranarki. Na tsoma hita, na soka a bango. Sai na ji ƙas! Rediyon mata ya yi shiru. Firjin da aka cika da ƙanƙarar baƙi ya yi shiru. Lasifikar da aka aro don liman, ana cikin gwada ta, ta yi shiru. Gida ya ɗauka, "Wa ya sa wani abu? Wa ya kashe kuran?" Kuran suke ce wa wutar lantarki. Sai muryar Gwaggo daga ɗaki: "Ku duba wajen Bakanon nan."

Isuhu ya shigo ya same ni da zane a ƙugu. Ya zare hita, ya je zaure ya danna wani maɓalli a jikin wani baƙin akwati, komai ya dawo. Ashe can kowane gida da iyakar abin da aka yanka masa, ka wuce ko kaɗan akwatin ya yanke. An kuma ɗaure shi da hatimin dalma, ka taɓa, ma'aikatan wuta su cire ka daga layi.

Na ce, "Haba, wannan ragon akwati haka? Samo min waya mai kauri in ɗaure maka shi irin na gida, har ka mutu ba zai sake yankewa ba."

Ya dafe kai ya ce, "Wayyo Kano. Bari a raɗa suna, zan dawo kanka."

Aka raɗa wa yarinya Hadiza, aka ci rago. Da jama'a suka ragu na ba shi labarin fis ɗin Yaya, ina yi ina dariya. Da na zo kan warin roba da rumbu, sai na ga ya daina dariya.

"Gidanku ina yake daga taransifoma?"

"Mu ne na ƙarshe."

"Tashi mu je makaranta."

Ya kai ni ɗakin da yake koyarwa, ya ɗauko wani akwatin makunni da ya yi baƙi ƙirin, murfinsa ya narke. Ya ce, "Abin da hitarka ta yi da safe lodi ne, ka ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan daban. In wayoyi biyu suka haɗu tsirara, wuta ta samu gajeriyar hanya, sai ta kwararo iya abin da layin zai iya kawowa. Wannan akwatin daga wani gida na ciro shi, a gindin taransifoma. A irin wurin nan abin da ke kwararowa dubban amfiya ne, amfiya ita ce mudun da muke auna wuta da shi. Ƙara kamar bindiga. In makunnin na banza ne, shi kansa fashewa yake. Gidan tsakiyar layi kuma ɗaruruwa ne. Naku na ƙarshe, waya ta yi tsawo, wuta ta gaji a hanya, wataƙila ɗari, wataƙila ma ba ta kai ba."

Na ce, "To ka ga Yaya ya yi gaskiya ke nan. Tamu ba ta da ƙarfi."

Ya ce, "Ba ta da ƙarfin narka tagullar Haladu, wannan gaskiya ne. Amma wayar da kuka ja ta kan rumbu, goma ma da ƙyar take ɗauka. Tsaya ka gani."

Ya yanko tagulla mai kauri, ya ƙulla ta da siririyar waya irin tamu, ya jona su a batirin mota. Kafin in ce wani abu siririyar ta yi ja, roba ta zagwanye, hayaƙi ya tashi. Warin nan dai, shi ne, na tsakar gidanmu. Ya cire ya ce in taɓa mai kaurin. Na taɓa. Ko ɗumi ba ta yi ba.

Ya ce, "Wuta ba ta san akwati ba, Garba. Inda ya fi siriri a gida, nan take ci. An yi fis siriri ne don ya mutu a madadin gida. Mai gindin taransifoma ko ƙusa ya sa, wani abu zai fashe kowa ya ji. Ku kuwa shiru za ta yi tana dahuwa. Gidanku yana da fis har yanzu, amma ba na zaure ba ne. Wayar kan rumbu ce."

Wallahi naman sunan nan ban ƙara jin daɗinsa ba. Abin da ke raina kawai, turken hanyar Ɗambatta. In aka tashe shi kafin in koma fa? Babu tarho a garinmu balle in buga. Na ce gobe da asuba sai gida.

Amma da sauran aiki. Na ce, "Isuhu, ka san Yaya. Ni ƙaninsa ne, kai kuma Badamagare. In na ce kai ka faɗa, sai ya ƙara ninki biyu don ya ba ka haushi."

Ashe Gwaggo na ji. Ta ce, "Haladu? Wanda na goya ya yi min fitsari a baya? Isuhu, ba ni abin." Ya kawo mata ƙullin wayar fis, siririya kamar zare. Ta yage gefen tsohon zanenta, ta naɗe ta tare da goro, ta ƙulle bakinsa. Ta ce, "Tsarabata ce. A gaban uwarku za ka ba shi. Ka ce na ce ya sa, in bai sa ba zan ji." Kun san dai a wajenmu, tsarabar babba ba a mayar da ita, ba a kuma ajiye ta a ƙarƙashin gado.

Isuhu ya rako ni tasha yana nanatawa: sili ɗaya tak, kar a ninka. In ya ƙone kar a mayar sai an nemo abin da ya ƙone shi. A kuma ɗauke waya daga kan hatsi. Ya ce, "Hitar kuma ka bar min, in riƙa nuna wa ɗalibai yadda Kanawa ke wanka." Na ce ko ita ce sadakinsa ba zai samu ba.

A motar dawowa sai ga Hajiya Tabawa. Da ƙyar na gane ta. Matar da ta tafi kamar kara ta dawo sai da aka ba ta wurin mutum biyu, tana tafiya tana nishi, gumi na zuba. Atamfa ce turmi-turmi ta naɗe a jiki ta ɗora zane a kai. A bakin iyaka ma'aikacin ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, lallai dangi sun kula da ke." Ta ce, "Ɗana, furar can ce, ba a magana." Ni kuma ya kwance ƙullin Gwaggo ya ce, "Baba, laya ce?" Na ce, "Ta tsarin gobara." Ya ce in ba shi kaɗan, na yanka masa taƙi ɗaya.

Muna shigowa Ɗambatta na hango abin da nake tsoro. Sabon turke a tsaye, ma'aikata a sama suna ɗaure waya. Na tari mai babur. Ni da kullum nake ce musu a hankali, ina da iyali, ranar ni ke cewa, "Ɗan samari, wannan ne iya gudunka?"

Na iso na tarar ba a kawo ba tukuna, rumbuna na tsaye lafiya. Na wuce ɗakin Inna, na sa aka kira Yaya. Na isar da gaisuwa, na ba da labarin mai jego, sannan na miƙa ƙulli da hannu biyu na faɗi saƙo yadda aka ba ni.

Yaya ya kwance, ya ɗaga wayar a haske. "Wannan gashin wutsiyar dokin ne zai riƙe gidana? Aikin Isuhu ne wannan."

Inna ta ce, "Delu ce ta aiko. Je ka sa."

Ya ci goron, ya je zaure yana gunaguni, ya kwance tagullarsa ya jefa a aljihu, ya sa sili ɗaya. Na ce, "Saura wayar kan rumbu." Ya ce, "Wannan ba ya cikin saƙon Gwaggo."

Bayan la'asar gari ya ɗauki ihu, an kawo wuta. Ƙwan zaurenmu ya yi ja, sai ɗas! ya mutu. Gidan maƙwabta rediyo na ta waƙa, mu shiru. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya leƙa waje yana kira, "Ku zo ku ga tsarabar Damagaram, ko gaisawa ba su yi da wutar ba!" Ya sa hannu a aljihu ya fito da tagulla.

Na ce, "Yaya, don girman Allah, kafin ka mayar, mu je mu ga abin da ya ƙone shi. In ba komai, ni da hannuna zan naɗa maka."

Inna daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Haladu, bi shi."

Shi da kansa ya hau tsani, don ya ƙaryata ni da idonsa. Robar tayar da ya naɗa rana ta tsattsage ta. Iska ta murɗe wayoyin biyu tsirara, sun rungume juna, suna kwance a kan busasshiyar jinka. Inda suka haɗu ga ɗan tabo baƙi, sabo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Iya abin da wutar ta samu yi ke nan kafin zaren Gwaggo ya yanke ta.

Ya daɗe a saman nan. Maƙwabtan da ya kira suna tsaye a ƙasa. Ya sa hannu ya shafa jinkar, ya dubi rumbun, ya dubi na kusa da shi, ya dubi ɗakin Inna. Sannan ya sauko a hankali, ya gyara hula ya ce, "Wai wane mara hankali ne ya bi da waya ta kan hatsi?"

Matarsa ta shige ɗaki da sauri, mayafi a baki tana danne dariya.

Ya ce, "Garba, tsayuwar me kake? Samo min turke da diga."

Kafin magariba waya ta koma bin katanga, nesa da rumbuna, an sa sabon sili ɗaya, ƙwan ɗakin Inna ya kama, ja kamar kullum. Tagullar kuwa tana nan, ita ke riƙe da ƙofar akurkin kaji, kuma gaskiya ba ta taɓa yin aikin da ya dace da ita kamar wannan ba.

Damagaram ke nan, tunda kun tambaya. In kuna son ƙarin bayani kar ku zo wurina, ku je wurin Yaya. Sai dai ku shirya, kafin a ba ku ruwa sai ya kai ku zaure. Jiya ina ji yana gaya wa wani baƙo daga Shanono, yana bugun ƙirji, wai duk ƙasar Makoda babu fis ɗin da ya kai nasa saurin ƙonewa.